Kunyar 'Yar Fari

Ni na fara gani. Kafin Hajiya ta sani, kafin Baffa Falalu ya sani, kai, kafin su kansu masu auren su gane ya mutu, ni Inuwa direba na riga na gani. A madubin mota na gan shi. Mutumin da furfura ta same shi a kan sitiyari ba sai an gaya masa abin da ke faruwa a kujerar baya ba.

Ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba aka cire ni aka kai ni gona. Amma ku tambaya a kaina. Agana ta shiga ƙauyenmu can bayan Ringim ina yaro, ta ɗebi sa'o'ina, ni ta yi min zane a fuska ta wuce. Yunwar shekarun fari ta same ni ina yaron mota. Motar gyaɗa ta kife da mu a hanyar Nguru, aka zaro ni daga ƙarƙashin buhuna ana ta salati, na miƙe ina neman hulata. Rikicin 'Yan Awaki ya ritsa da ni a tsakiyarsa, na fito da ƙafafuna. Duk waɗanda muka koyi tuƙi tare suna ƙasa. Ni ga ni, idona garau, har yau ba na sa tabarau. Saboda haka in na ce na ga abu, to na gan shi.

Gidan da nake aiki yana Nassarawa, cikin layukan nan masu manyan darbejiya inda sai ka yi tafiya mai tsawo ba ka ji kukan akuya ba. Marigayi Alhaji na fara yi wa tuƙi. Da ya rasu, ɗansa Abdulƙadir ya gaje ni tare da motocin. Ni na riƙa kai Abdulƙadir firamare yana majina, yanzu injiniya ne, a gaban mutane ina ce masa Yallaɓai, shi kuma Baba Inuwa yake ce min ko a gaban waye. Ranar da aka ɗaura masa aure da Ummu Salma, 'yar Malam Musa na Gawuna, ni na tuƙo motar amarya. Tana kuka ina lallaɓa giya don kar rami ya girgiza ta.

Shekarun farko, in sun shiga baya sai ka ɗauka kujerar ta yi musu yawa. Dariya, raɗa, a sayi gyaɗa a danja a raba. Daga baya sai jakarta ta fara zama a tsakaninsu. Sannan kowa ya koma jikin tagarsa. Ranar da na tabbatar kuwa, muna kan titin Hadeja ne, Abdulƙadir ya ce, "Baba Inuwa, tambaye ta ko za ta biya ta asibitin."

Tana zaune gefensa. Hannu zai miƙa ya taɓa ta.

Ita ma ta ce, "Baba, ka ce masa na fasa."

Na ce a raina, shi ke nan. Na gaya wa mai gadinmu da yamma, ya ce in daina mugun baki. Ku je ku tambaye shi, yana nan.

Mutane suna so in ce ga dalili ɗaya. Babu. Bai taɓa ɗaga mata hannu ba, ba wata a waje, abinci kuwa har zubarwa ake. Shi aikin hanya ya ɗauke shi, yau Dutse gobe Abuja, in ya dawo a gajiye yake. Ita malamar makaranta ce, kuma tun da ta haifi na biyunta, Haidar, wani irin ƙunci ya sauka mata, sai ta zauna tana hawaye ba ta san na mene ne ba. Shi ya ɗauka shi take wa. Hajiya, mahaifiyarsa, ta ce shagwaɓa ce ta 'yan zamani. Wata safiya magana ta yi tsami, ya furta saki. Yayyenta suka zo suka ɗauke ta. Kowa ya zauna jiran ɗaya ya fara sauke kai, har idda ta cika ba wanda ya sauke.

Amma ba don su biyun nake ba da labarin nan ba. Manya ne, su suka san abin da suka yi. Don Najla nake ba da shi.

Najla ita ce 'yar fari, lokacin tana aji huɗu. Sunanta na yanka Zainab, sunan Hajiya aka mayar mata, shi ya sa uban ya sa mata Najla. Ni kuwa Hajiya Ƙarama nake ce mata. Yarinya ce mai surutu kamar rediyo. Daga get ɗin gida har get ɗin makaranta ba ta numfasawa. Ta ce tuƙina irin na tsofaffi ne, in ce mata tsohon nan ya kai ubanta makaranta bai taɓa makara ba. Ta ce in ta girma za ta saya min mota mai tuƙa kanta in huta, in ce to wa zai riƙa sauraron shirmenta?

Ummu Salma kuwa a gidan malamai ta tashi, hannun kakarta, inda har yanzu ake kunyar ɗan fari yadda muka taso muka tarar. Ba ta taɓa kiran yarinyar da suna ba, na yankan ko na gidan. Sai "ke", sai "yarinyar nan". Ba ta ɗaukarta a cinya in da mutane, ba ta yabonta. Ga shi kuma sunan surukarta ne da ita, kunyar ta zama biyu. Amma ni da nake kai su asibiti na san wace ce ke kwana a zaune in yarinyar ta yi zazzaɓi. Na san wace ce ke sa ni komawa gida daga rabin hanya don an manta da robar ruwanta. A Nassarawa ta yanzu, inda uwaye ke rungume 'ya'yansu a bakin makaranta suna kiransu sunaye masu zaƙi, irin wannan son ba ya ganuwa sai ga wanda ya san shi.

Bayan idda, matan gidan Malam suka zo da babbar mota kwashe kaya. Najla tana makaranta. Gado, kujeru, firij, labulaye, har ƙusoshin da aka rataye hotuna. Haka al'ada take, kayanta ne, ban ce sun yi laifi ba. Sai dai da na dawo da yarinyar ta haura sama ta tarar da ɗakin uwarta fayau, in ka yi tari sai bango ya amsa. Ta ja ƙofar ta sauko.

A ranar da yamma manya suka zauna a falon ƙasa. Akwai Baffa Falalu, ƙanen marigayi Alhaji, shi ne babba a dangin yanzu. Akwai Hajiya. Akwai Malam Musa da carbinsa, Ummu Salma tana durƙushe a gefensa da Haidar a goye. Abdulƙadir yana can ƙurya, kansa a ƙasa. Ni ma aka ce in zauna, don ba a yin zama irin wannan a gidan ba da ni ba. Na zauna bakin ƙofa. Daga inda nake ina hango kwanar matakalar bene, kuma a nan na ga ƙafafu biyu cikin farar safar makaranta. Ni kaɗai na gani.

Baffa Falalu ya yi addu'a, ya ce abin da ya faru ya faru, zumunci bai mutu ba. Sannan ya ce, "Saura maganar yara. Ummu Salma, ke ce uwa. Faɗi abin da ke ranki, kar ki ji nauyin kowa."

Ta ce, "Baffa, Haidar bai isa yaye ba."

"Wannan ai ba abin tattaunawa ba ne, yana wurinki. Ita babbar fa?"

Ta riƙa murɗa bakin mayafinta har yatsunta suka yi fari. Ta saci kallon mahaifinta, shi kuma idonsa na kan carbi. Ga Hajiya a gabanta, mai sunan. Ta yaya 'yar gidan Malam Musa za ta buɗe baki gaban ubanta da surukarta ta ce ina son 'yar farina?

Ta ce, da wata 'yar murya, "Ai ita taku ce, Baffa."

To, ku saurara, don nan ne abin ya karkace. Duk wanda ya tashi a cikinmu ya san wannan ba kyauta ba ce. Kara ce. Kuma in an yi maka kara, mayarwa ake yi. Abin da ya kamata a ce shi ne, a'a, 'ya mace sai uwa, ki tafi da ita, mu ma tamu ce a can. Sai ita ta sake cewa a'a, a sake matsa mata, sai ta karɓa, kowa ya tashi da mutuncinsa. Abin da Malam Musa yake jira ke nan. Shi da yake karantar da ɗalibai a zaurensa cewa riƙon 'ya mace na uwa ne har ta yi aure, ai ba zai zo gidan surukai yana jan aya don 'yarsa ba. Ya bar musu su faɗa da kansu.

Na ga Baffa Falalu ya gyara zama, ya buɗe baki zai mayar. Sai Hajiya ta riga shi.

"Allah ya yi miki albarka, Ummu Salma. Wallahi ke 'yar gidan mutunci ce. Takwarata tana hannuna, ba abin da za ta nema ta rasa."

Bayan an sa albarka wa zai ce a warware? Baffa ya rufe bakinsa. Malam Musa ya ce amin. Aka shafa fatiha. Na ɗaga kai, ƙafafun nan sun ɓace daga matakala.

Ban ce Hajiya muguwa ba ce. Tsohuwa ce da ta ga gidan ɗanta ya zama kango, ta kama abin da ya rage.

Washegari na buɗe wa Najla mota na ce, "Hajiya Ƙarama, yau wane labari za a ba tsoho?" Ta ce, "Ina kwana, Baba Inuwa," ta juya ga taga. Rediyon nan ya mutu daga ranar.

Abdulƙadir, in faɗi gaskiya, bai hana uwa ganin 'yarta ba. Shi da bakinsa ya ce duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci in kai ta Gawuna ta kwana biyu. Juma'ar farko na tsaya ƙofar gidan Malam, na kashe mota. Yarinya ta ƙi motsi. Na lallaɓa, na yi wasa, na yi faɗa. Ummu Salma ta fito har bakin zaure, abin da ba ta saba ba, da kula a hannu. Ɗaliban Malam suna zaune a dakali suna kallo.

Ta ce, "Ke, ba za ki sauko ba?"

Najla ta danna gilashi ya rufe.

Uwar ta tsaya kaɗan, sannan ta miƙo min kular. "Baba, dambun shinkafa ne, tana so." Ta koma ciki da sauri, mayafi a fuska. Haka muka yi ta yi, Juma'a bayan Juma'a. Kula ta zo, yarinya ta ƙi taɓawa, ni in cinye a bayan gareji don kar in mayar da ita cike. Ban taɓa cin abinci mai daɗi da yake tsaya min a wuya irin wannan ba.

A gida kuwa yarinya tana ta zubewa. Kitso ya tsufa a kanta har ya dunƙule, Hajiya tana nata gidan a cikin gari, sai ta zo take lura. Bakin hijabinta kullum a jiƙe don tauna shi take yi. Na fara ganin ana shanya katifarta a bayan ɗakunanmu, yarinyar da ta daina fitsarin kwance tun ba ta shiga makaranta ba. Malamarta ta aiko a kira uban. Aka kai ta asibiti, aka ɗebi jini, likita ya ce lafiyarta ƙalau. Abdulƙadir ya rage tafiye-tafiye, ya riƙa fita da ita shan askirim, ya sayo keke, ya sayo waya. Sai ta karɓa da hannu biyu ta ce, "Na gode, Abba," kamar baƙuwa. Shi ma ya rame. Sai mu dawo gida in kashe mota, ya zauna a ciki kamar ya manta ana fita.

Wata rana a hanyar makaranta na ce bari in gwada tawa. Na ce, "Hajiya Ƙarama, kin san innata har ta koma ga Allah ba ta taɓa kiran sunan yayana ba? Ko ruwa ba ta miƙa masa a gaban mutane. Amma ranar da ya rasu, ita ce ta yi kukan da ya tafi da idonta. Haka iyayenmu suke da ɗan fari. Maminki irinsu ce."

Ta ce, "Nabiha 'yar ajinmu ma ai ita ce 'yar farin mamanta. Kullum sai ta rungume ta a get."

"Gida-gida ne."

"Baba Inuwa, an tambaye ta. Baffa ya ce kar ta ji nauyin kowa. Ta zaɓi Haidar. Da kunnena na ji."

Na yi gardama da 'yan sandan hanya, na yi da 'yan kamasho a tasha, ban taɓa rasa amsa ba. Ranar na rasa.

Ana nan sai Sauda, ƙanwar Abdulƙadir da ke aure a Abuja, ta ce a ba ta yarinyar. Akwai 'ya'yanta sa'o'inta, akwai makaranta mai kyau, canjin wuri zai taimaka. Hajiya ta amince, Abdulƙadir ya gaji da rasa yadda zai yi, ya amince. Aka sa ranar Lahadi, jirgin hantsi. Aka aika wa gidan Malam, suka ce Allah ya sa haka ne mafi alheri. Kara dai har yanzu.

Ni na san in yarinyar nan ta hau jirgi da abin nan a ƙirjinta, da shi za ta girma. Ranar Alhamis bayan na sauke Abdulƙadir a ofis, ban tambayi kowa ba na juya kan mota sai Gawuna. Na yi sallama aka shigar da ni tsakar gida. Ummu Salma ta fito, wuyanta ya yi tsawo, zobenta yana yawo a yatsa. Ta durƙusa ta gaishe ni.

"Baba, ya take?"

Ko a nan ba suna.

Na ce, "Ba lafiya. Ummu Salma, ni na ɗauke ki daga gidan nan kina amarya, saboda haka zan faɗa miki abin da wani ba zai faɗa ba. Ranar da aka zauna, yarinyar nan tana kan matakala. Duk abin da kika ce ta ji."

Ta dafa ƙasa da hannu biyu. Ashe ba ta sani ba. Duk watannin nan tana zaton fushin rabuwa ne kawai yarinyar take yi da ita.

"Ta ɗauka ba na..." Ta kasa ƙarasawa.

"Abin da ta ɗauka ke nan."

"Baba, ka san gidanmu. Da wane baki zan je? Malam zai ce na kunyata shi."

Na ce, "Ni direba ne, lokacin tashi na sani. Lahadi da hantsi. Na gaya miki." Na shuri takalmana na fito.

Ranar Lahadi ina jera akwatuna a but ɗin mota, ƙofar falo a buɗe, Hajiya ta zo sallama da takwararta. Sai ga a-daidaita-sahu ya tsaya a get. Ummu Salma ce, ita kaɗai, Haidar a baya. Mai gadi ya kalle ni, na ce buɗe mata mana, me kake kallo? Ta wuce ni ko gaisuwa babu, ta cire takalmi, ta shiga, ta durƙusa gaban Hajiya. Najla tana zaune kan hannun kujera da jakar goyo.

"Hajiya, ina kwana. Na zo in tafi da Zainab."

Ni da nake waje, ranar na fara jin sunan nan a bakinta.

Hajiya ta ce, "Wa kika ce?"

"Zainab, 'yata. Hajiya, ki gafarce ni. Ranar nan kunya ce ta sa na faɗi abin da na faɗa, ba har zuciyata ba ne. Tun ranar ban yi barcin kirki ba. Ina son 'yata. Ita na fara haifa, ba wanda ya kai ta a wurina. A ba ni ita." Ba ƙasa take kallo ba, yarinyar take kallo.

Hajiya ta tafa hannu. "Ikon Allah! Yau ni ake kira gatsal a gidan ɗana. Abdulƙadir, kana ji? 'Yar malamai ce fa wannan. Da bakinta ta bayar gaban ubanta, yanzu an sayi tikiti ta zo tana mana wasan kwaikwayo."

Abdulƙadir ya riƙe kansa. Na san yaron nan, zuciyarsa ba dutse ba ce. Ga uwarsa, ga uwar 'ya'yansa a durƙushe. Ya rasa wanda zai ɓata wa, sai ya sauke kayan a kan wadda ta fi kowa ƙanƙanta.

"Najla, zo nan. Kin ji Maminki. In kina son bin ta, ki bi ta, a fasa tafiyar. In Abuja kike so, ga mota. Ke za ki zaɓa."

Wannan ba kayan da ake ɗora wa yarinya ba ne. Da ni ya tambaya da na gaya masa.

Najla ta kalli wannan ta kalli wancan. Sai ta tashi ta fito waje, ta zo inda nake a bayan mota, ta tsaya dab da ni. Idonta a bushe.

"Baba Inuwa, zan tambaye ka. Kar ka yi min wasa."

"Ina jin ki, Hajiya Ƙarama."

"Ita ta zo da kanta, ko kai ka je ka ce ta zo?"

Na san amsar da za ta gyara komai. Kalma ɗaya ce, kuma ba wanda zai taɓa kama ni. Na dubi yarinyar nan. Manya sun yi ta faɗin abin da ba shi ne a ransu ba a gabanta har ta daina yarda da kowa, ni kaɗai na rage mata. In na yi mata ƙarya yau, gobe ta ji a bakin wani a Gawuna, to ba uwar kaɗai za ta rasa ba.

Na ce, "Na je. Na gaya mata kina kan matakala ranar, don ba ta sani ba. Na gaya mata ranar tafiya. Iyakar abin da na yi ke nan. Ban ce ta zo ba, ban kawo ta ba, kuma maganar da ta faɗa a ciki ba ni na sa mata a baki ba. Abin da uwarki ta yi yau, a gidansu ba a taɓa yin sa ba."

Ta kalli tayar mota.

"Da ba ka je ba, da ba ta zo ba."

"Da ba ta sani ba, Hajiya Ƙarama."

"Ai ba ta tambaya ba."

Ta juya ta koma bakin ƙofa, ba ta shiga ba. Ta ce, "Abba, za mu makara."

Na zaci Ummu Salma za ta fasa ihu. Ba ta yi ba. Ta taso ta zo har wurin mota, ta durƙusa gaban yarinyar, ta gyara mata hijabi, ta cire bakin da take taunawa daga bakinta. Najla ta tsaya ƙiƙam, amma ba ta ture hannun ba. Haidar ya leƙo daga goyo yana miƙa hannu yana gwaranci, bai ma san ta sosai ba. Ta kama ɗan yatsan ƙafarsa kaɗan, ta saki, ta shiga mota.

"Zainab," in ji uwar ta taga, "duk ranar da kika ce in zo, zan zo."

Na ja mota. Har filin jirgi ba wanda ya yi tari. Abdulƙadir yana ta share fuska da hularsa yana yi kamar gumi ne, alhali sanyin motar har ƙashi.

Yanzu damina ta wuce, wata daminar ta kusa. Malam Musa da ya ji abin da 'yarsa ta yi, kwana ya yi bai yi mata magana ba, sannan ya sa babbar riga ya tafi wurin Baffa Falalu da kansa ya faɗi abin da ya kamata ya faɗa tun farko. Hajiya ta ce sai dai alƙali ya raba. Maganar tana gaban alƙali, yau a ɗaga gobe a ɗaga, gidaje biyu da suka yi shekaru suna cin abincin sallar juna yanzu ba a gaisawa. Ummu Salma tana kiran Abuja kullum bayan la'asar. An ce wani lokaci yarinyar tana karɓa ta saurara, ba ta cewa komai, wani lokaci ta bar wayar tana ta ƙara. Hutu biyu aka yi ba ta zo Kano ba. Haidar ya fara magana, in an nuna masa hotonta sai ya ce baƙuwa. Abdulƙadir kuwa shi kaɗai yake cin abinci a gidan nan mai ɗakuna kamar otal.

A majalisarmu ta direbobi da masu gadi, bakin masallacin layi, kowa da tasa. Wani ya ce da ban je Gawuna ba. Wani ya ce da na yi mata 'yar ƙaryar nan, ai ta gyara ce. Wasu yaran kuma, waɗanda aka haifa jiya, suna cewa ƙari nake yi, wai ba uwar da kunya za ta sa ta bar 'yarta a zamanin nan.

To ga ni nan, ba inda na je. Kullum bayan la'asar ina ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gida. Wanda ya ce ƙari nake yi ya zo in kai shi Gawuna da kaina, ya zauna a tsakar gidan Malam lokacin da matar nan take riƙe da waya a kunne tana jira a ɗauka, sannan ya maimaita a gabanta. Wanda kuma ya ce da ƙarya zai yi, ya samo yarinyar da ba ta da sauran wanda ta yarda da shi sai shi, ya dubi tsakiyar idonta ya yi mu gani. In ya iya, ni Inuwa zan miƙa masa makullin motar nan in koma Ringim a ƙafa.